Akwatin da Na Soke da Jan Biro

Ku ukun nan kun taso da labari guda a kan dalilin da ya sa na ajiye aiki tun lokacina bai yi ba. Kukan ce wani darakta ne ya taka ni, ni kuma da zuciyar 'yan gidanmu na ce ba zan ɗauka ba. Na sha jin Mubarak yana ba abokansa labarin a falo, har da ƙarin gishirin da ban san inda ya samo shi ba, wai na jefa wa mutumin makullin ofis a kan tebur. Ban jefa wa kowa komai ba. Na bar ku da labarin ne domin ya yi mini kyau, kamar babbar rigar aro. Yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya fara gardama, likita kuma ya daina yi mini wasa idan ya duba takarduna. Ranar wanka ta zo, ba zan ɓoye cibi ba. Ummi, wannan babin naki ne fiye da na ƙannenki, ki yi haƙuri ki karanta shi har ƙarshe.

A shekarar da nake nufi ina aiki a wata hukumar gwamnatin tarayya a Garki da ke Abuja, ni ne babba a ɓangaren kwamfuta. Hukumar tana da rumbunan bayanai guda huɗu, kowane sashe da nasa: na ma'aikata, na gidaje, na fansho, da na ɗan asibitin da ke bayan ofis inda ake duba mu da iyalanmu. Mutane daban-daban suka tsara su a lokuta daban-daban, babu wanda ya tambayi wani. Idan ma'aikaci ya yi aure sai ya zagaya ofis huɗu ya faɗa. Idan ya rasu iyalinsa su zagaya, kuma duk da haka a wani rumbun yana nan da ransa har a shekara. Aka ce in haɗe su su zama ɗaya. Mahaifiyarku ta ɗauka kwashe na nan za a yi a zuba a can, kamar juye hatsi cikin buhu guda. Ba haka ba ne. Kafin a taɓa kwamfuta sai an zauna da takarda an zana yadda kowane sashe yake ganin duniya. Duk abin da ake ajiye bayaninsa a yi masa akwati, ma'aikaci ne ko gida ko kati, sannan a ja layi daga akwati zuwa akwati a nuna abin da ya haɗa su. Sai a jera zanen nan huɗu, a gano inda suka yarda da juna da inda suka saɓa, a sasanta su, a fitar da zane guda wanda kowane sashe zai ga kansa a ciki. Abin da bai shiga wannan zanen ba, a wurin kwamfuta babu shi a duniya.

Na so aikin nan, kuma na iya shi, ba yabon kai ba. Wata uku muna ɗaki guda da wakilan sassan, ga allo ga shayi ga musu. Mutumin da sashen ma'aikata yake kira ma'aikaci shi ne mai kati a asibiti, shi ne mazauni a wurin mutanen gidaje, shi ne mai ritaya idan ya tsufa. Na tattara shi na mai da shi akwati ɗaya, kowa ya yi tsaki sannan ya yarda. Wakilin gidaje ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwata saboda na farfasa masa adireshi gida-gida, unguwa daban, titi daban, lamba daban, shi kuwa ya saba rubuta "bayan masallaci" ya wuce. Duk waɗannan na warware su ina jin kaina kamar alƙali. Har muka iso kan maganar 'ya'ya.

A zanen sashen ma'aikata, ɗa shi ne wanda aka kawo takardar haihuwarsa da sunan ma'aikacin a matsayin uba ko uwa. A zanen asibiti kuwa akwai wannan, akwai kuma wani ɗan ƙaramin akwati a gefe da aka rubuta wa "riƙo". Wadda ta sa aka yi shi ita ce Madam Laraba, wata 'yar Filato da ta shekara ashirin tana riƙe da katunan asibitin. Mace ce gajera mai faɗa, tana zuwa coci fiye da yadda wasunmu suke zuwa masallaci, kuma ta san ciwon kowane yaro a hukumar ba tare da ta buɗe fayil ba. Tun zamanin katin kwali ta ga direbobi da masinjoji da manyan ma suna zuwa da ɗan wa, ɗan ƙanwa, jikan maƙwabcin da ya rasu, yaran da suke ci a kwanonsu suke kwana a ɗakinsu amma babu takardar da ta ce nasu ne. Sai ta nemi izini a buɗe musu gurbi. Mutum ya kawo shaidu biyu, ya sa hannu cewa shi yake riƙon yaron, a ba yaron kati. Idan aka tambaye ta dalili sai ta ce ai ku Hausawa ne kuka ce ɗa na kowa ne.

Ummi, a cikin wannan akwatin kike. Yayana Sani ne ya haife ki. Mahaifiyarki ta rasu ba ta yi arba'in ba, shi kuma ya bi ta kafin ki yi zama, aka miƙo mana ke lokacin ba mu haihu ba. Sunan mahaifiyarmu gare ki, shi ya sa ban taɓa kiran ki da shi ba, kuma na yi miki duk kunyar da ake yi wa ɗan fari har mutane suka manta. Farkon zuwanki na kai ki wurin Madam Laraba da zazzaɓi, ta tambaye ni, na faɗa mata gaskiya, ta rubuta riƙo. Daga baya, da za a sa ki makaranta, na je na yi takardar haihuwa da sunana a matsayin uba, na kai wa sashen ma'aikata. Na san addini bai yarda da canza nasaba ba. Na sani sarai, na yi. Saboda haka shekara goma sha bakwai kina zaune a rumbu biyu da fuska biyu, a ɗaya 'yar cikina, a ɗaya 'yar riƙona, kuma babu wanda ya lura domin rumbunan ba sa magana da juna. Ni ne aka ba aikin koya musu magana.

A sabon tsarin kowane yaro da ya girma za a ba shi katinsa a hannu, da hotonsa, da dangantakarsa da ma'aikacin a rubuce. Bayan haka, duk inda rumbu biyu suka saɓa a kan mutum guda, kwamfuta za ta fitar da sunansa a kai gaban kwamiti. Ni na kafa wannan doka, ni na kuma kafa dokar cewa babu mai taɓa tsohon bayani da hannu sai an rubuta sunansa da dalilinsa. Na gina tarko da hannuna na faɗa ciki. Akwai hanyoyi biyu masu sauƙi a gabana. Ko in je in roƙi Madam Laraba mu gyara naki ke kaɗai a gaban kwamiti, in sha kunyar kwana ɗaya, ko in zaunar da ke in faɗa miki. Girman kai ya hana ni ta farko, tsoro ya hana ni ta biyu. Ina tsoron ranar da za ki dube ni ki kira ni Baffa. Wata Asabar bayan la'asar, kina makarantar Islamiyya, na faɗa wa mahaifiyarku abin da nake shirin yi. Tana tsinke zogale a tsakar gidanmu na Gwarinpa, ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Alhaji, ka faɗa wa yarinyar nan gaskiya ka huta. Garin neman gira kada ka rasa ido."

Na ce mata ba ta san aikin kwamfuta ba. Ta ce haka ne, amma ta san ni.

Ranar da kwamiti ya zauna a kan maganar, darakta da kansa ya zo. Na tsaya a gaban allo na yi bayani mai kyau, irin wanda har yau idan na tuna shi nake jin ƙyamar bakina. Na ce zane mai kyau ba ya maimaita abu, bai kamata a ce akwai ɗa iri biyu ba. Na ce yaron riƙo ma'aikata biyu za su iya cewa nasu ne, kwamfuta ta rikice. Na ce mutane suna kwaso yaran maƙwabta su cika mana asibiti. Duk abin da na faɗa akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa, kuma duk ina da maganinsa a aljihu, domin a zanena na farko na riga na warware su: akwati ɗaya na yaro, layi ɗaya zuwa ma'aikaci, a kan layin a rubuta ko haihuwa ce ko riƙo. Aikin rabin yini ne. Ban nuna musu wannan zanen ba. Na ce a tsaya a kan takardar haihuwa kawai, 'yan riƙo a duba lamarinsu a zagaye na biyu na aikin. Madam Laraba ta miƙe tsaye, abin da ba ta saba yi ba.

Ta ce, "Oga Kabiru, wannan akwati ba ado ba ne. Mutane ne a ciki. Yaro da yake ciwo bai san zagaye na biyu ba."

Na ce, "Madam, sistem ba ya aiki da tausayi, da hujja yake aiki."

Sai ta dube ni. Ta daɗe tana dubana, ni kuma na san abin da take tunawa, jaririya mai zazzaɓi a kafaɗar wani matashin ma'aikaci. Kalma ɗaya za ta faɗa ta tsiraita ni a gaban darakta, ta kuma ceci akwatinta. Ba ta faɗa ba. Ta ja kujera ta zauna, ta ce Allah yana gani. Darakta ya ji daɗin shawarata domin za ta rage wa asibiti cunkoso, ya ce a rubuta an amince. Na ɗauki jan biro na ja layi biyu a kan akwatin a gaban kowa. Ta rufa mini asiri a daidai lokacin da nake yanka ta, kuma ban taɓa ce mata na gode ba, domin godiyar za ta zama amsa laifi.

Aka ba kamfani kwangila, suka gina komai a kan zanen da na sa wa hannu. Aka yi bikin buɗewa, aka tafa mini, aka ba ni wani allon katako da sunana a jiki, wanda kuka sani a saman talabijin. Katinki ya fito, Ummi, an rubuta 'ya. Na kawo miki shi da kaina, kika karɓa kika yi dariyar hoton, na kwana da farin ciki kamar wanda ya ci yaƙi. Ba da daɗewa ba aka mai da Madam Laraba ɗakin tsofaffin fayiloli, tunda aikin kati ya koma kwamfuta, aka zaunar da wata sabuwar ma'aikaciya a gurbinta wadda ba ta san kowa ba sai abin da allo ya nuna mata.

Akwai wani direbanmu, Malam Iliya, dattijo mai shiru-shiru wanda ya sha kai ni tafiye-tafiye. Yana riƙon 'yar ƙanwarsa, Safiya, yarinya mai sikila. Tun tana goye take da kati a wurin Madam Laraba, kuma da katin ake tura ta babban asibiti a yi mata ƙarin jini idan ciwon ya tashi. Da damina ta shigo ciwon ya tashi. Ya kawo ta da safe, aka buga sunanta, kwamfuta ta ce babu. Likitanmu mutumin kirki ne, ya duba ta ya ba ta abin rage zafi, amma takardar turawa ba ta fita sai da lambar kati, lambar kuma ba ta samuwa sai yaro yana cikin zane. Aka ce ya kawo takardar haihuwa. Ya kawo, sunan ubanta ne a jiki, wani manomi a ƙauye da bai taɓa taka Abuja ba. Aka ce ya je sashen ma'aikata, su kuma suka ce ya je ɓangaren kwamfuta. Ya zo ofishina ranar ina wani taro a otal ina koya wa mutanen wasu hukumomi yadda ake haɗa rumbuna. Kwana uku yana zagaye da fayil a hammata, yarinya tana gida tana murƙususu. Kafin 'yan'uwansa direbobi su haɗa hannu su kai ta da kansu, lokaci ya ƙure. Na san ajali ba ya wuce ranarsa, malamai sun faɗa mini, ni ma na faɗa wa kaina sau dubu. Amma na san kuma wanda ya rufe ƙofar da ta saba shiga.

Daga nan na tashi haiƙan in mai da akwatin, ihu bayan hari. Na rubuta takarda, na sake rubutawa. Aka ce kwangilar kamfanin ta ƙare. Aka ce sassa huɗu duk sun jingina a kan zanen, taɓa shi kamar gyara harsashin gini ne bayan an ɗora bene. Aka canza darakta, sabon ya ɗauko rahoton taron nan ya karanta mini hujjojina da bakinsa, ɗaya bayan ɗaya, ya tambaye ni wanne ne a ciki ƙarya. Bai taka ni ba, bai ɗaga mini murya ba, shayi ma ya sa aka kawo mini. Shekara biyu ina wannan bin, zagaye na biyu bai zo ba. A cikin shekarun na ga ma'aikata suna zuwa suna yin irin takardar ƙaryar da na yi, su canza wa marayu uba domin su sami kati, waɗanda suka ji tsoron Allah suka ƙi kuma yaransu suka zauna a waje. Abin da na yi a ɓoye ni kaɗai na mai da shi dole a kan hukuma guda. Ban ƙidaya yaran ba. Ina da ikon ƙidayawa da danna maɓalli biyu a tsohon rumbun, na kasa.

Abin da ya ƙarasa ni a kasuwar Gudu ya faru. Na je neman batirin mota da hantsi, sai ga Malam Iliya, ya yi ritaya yana taya wani ɗan'uwansa zama a shago. Na so in kauce, ya riga ya gan ni. Ya taso ya kama hannuna da hannu biyu, ya ranƙwafa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, an faɗa mini kai kaɗai ne kake ta rubuta takarda saboda irin su Safiya. Kullum ina sa ka a addu'a. Allah ya jiƙan mahaifa."

Na ce amin. Wallahi abin da na ce ke nan, amin. Na bar batirin na shiga mota na daɗe ban tayar ba. A makon nan na rubuta takardar ajiye aiki. Malam Iliya ya koma garinsu, ya rasu bara waccan, yana yi mini addu'a, ban faɗa masa ba.

Duk da haka ina da abu guda da nake lallashin kaina da shi, cewa ko ba komai na tsare ki. Da wannan na rayu har lokacin aurenki. Saura mako biyu, malamin da zai ɗaura ya ce mini dole a ambaci sunan mahaifinki na gaskiya, ni in tsaya a matsayin waliyyi. Ba yadda zan yi. Na kira ki ɗakina bayan azahar, na yi ta kewaye-kewaye, na fara da labarin Yaya Sani tun muna yara. Kika bar ni na kai ƙarshe, kanki a ƙasa, kina wasa da bakin mayafi.

Kika ce, "Baba, ai na sani tun ina aji shida na firamare. Ranar da Mama ta aike ni da tsohon katin asibiti na karanta abin da Madam ta rubuta, na tambayi Mama ta faɗa mini. Na ga ba ka so a sani, shi ya sa muka yi shiru."

Kika ɗago kika yi murmushi, kika ce in daina damuwa, ba ki da wani uba sai ni. Kin ɗauka hawayen da kika gani na farin ciki ne. Mahaifiyarku, Allah ya jiƙanta, ta ce mini daga baya ta yi ta ƙoƙarin nuna mini hanya, amma kin sa ta rantse ba za ta faɗa ba, kuma ba ta taɓa zaton zan kai abin inda na kai shi ba. Shekara biyar kafin in ɗauki jan biron nan kin riga kin sani, kina kirana Baba safe da yamma, babu abin da ya ragu. Kina rufa mini asiri, Madam Laraba tana rufa mini, mahaifiyarku tana rufa mini, ni kuma ina can ina rushe wa marayu ƙofa don in tsare sirrin da kowa ya sani.

Ban rubuta wannan don ki ɗauki komai a kanki ba. Ke yarinya ce da ta ji kunyar ubanta, laifin nawa ne ni kaɗai, kuma ban san da bakin da zan amsa shi ba idan an tambaye ni. Mubarak, ka daina ba da labarin makulli. Allon katakon nan ku sauke shi daga saman talabijin. A cikin jakata ta fata, ƙarƙashin takardun gida, akwai zanen nan da layi biyu na jan biro, kada ku yar da shi. Na ji an ce Madam Laraba tana nan da rai a wajen 'yarta, idan kun same ta ku karanta mata wannan babin, ku ce mata na gode, ko da ba ta amsa ba. Idan kuna yi mini addu'a bayan raina, ku fara da yarinyar. Sunanta Safiya, 'yar riƙon Malam Iliya direba, shekararta tara. Babu inda aka rubuta haka a tsarin da na zana, shi ya sa na rubuta a nan.